Waiwaye: Tsohon Magini a Ƙasar Fir'aunoni

A ƙasarmu idan aka ce dattijo ya tafi Masar, abin da ke biyo baya shi ne, "Subhanallahi, me ke damunsa?" Mun saba hanya biyu ce kaɗai ke fitar da iyayenmu waje, ta Makka da ta asibiti. A ɗauki tsoho lafiyarsa ƙalau, a kashe kuɗi a kai shi wata ƙasa don kawai ya ba idonsa abinci, wannan mutane da yawa almubazzaranci suke ɗaukarsa. Shi ya sa da na shaida wa 'yan'uwa zan kai Baba ya ga gine-ginen mutanen da, sai da aka kai ruwa rana a gidanmu. Ƙanena ya ce kuɗin gara a zuba su a shago. Wata gwaggonmu ta ce me Musulmi zai je nema wurin gumakan Fir'auna. Baba ne ya kashe maganar. Ya ce Alƙur'ani a wurare da dama ya kira mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su ga yadda ƙarshen na gabansu ya kasance, kuma shi tun yana yaro yake jin labarin ginin nan, yana so ya taɓa shi da hannunsa tun guiwa ba ta ƙi ba.

Baba magini ne, ɗan magini, a cikin birnin Zariya. Ginin ƙasa ya gada: tubali, azara, ɗaurin guga, bakan gizo, yaɓe da makuba. Da zamani ya juya ya kama bulo da siminti don ciyar da gida. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba, "Uwata" yake cewa. Duk wadda ta tashi a gidan Bahaushe ta san abin da ke tsakanin uba da 'yar fari: ki durƙusa ki gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe, ya sa miki albarka, ki tashi. Na girma, na yi aure, na haihu, na daɗe ina koyarwa, amma doguwar hira ba ta taɓa haɗa ni da shi ba. Abin da na sani na sana'arsa bai wuce kaushin tafinsa da jar ƙasar da ba ta barin farcensa ba.

Cikin hunturu muka tashi daga Kano, domin da bazara zafin kudancin Masar yakan haura digiri 40, ba wurin kai mai shekara 70 da ɗoriya ba ne. Fasfo ɗinsa da maganin hawan jininsa suna jakata. A filin jirgin Alƙahira ni ce mai magana, shi yana tsaye a bayana dafe da sanda, kuma na ga abin bai kwanta masa ba, mutumin da duk rayuwarsa shi ke ba da umarni daga kan katanga. Shirun bai yi nisa ba. Muna isa Giza ya karɓe linzamin tafiyar.

Kowa ya sauka daga mota a Giza sama yake ɗaga kai. Dole ne. Babbar dalar da aka gina wa sarki Kufu, yau kimanin shekara 4,500, asalin tsayinta mita 146 ne, kuma an ƙiyasta duwatsun jikinta sun kai miliyan 2.3. Baba kallo ɗaya ya yi mata ya sauke kai. Ya taka zuwa gindinta ta arewa, inda 'yan fararen duwatsun da aka lulluɓe ta da su tun asali suka rage, ya miƙo mini sanda, ya tsuguna. Ya sa farcen babban yatsa tsakanin dutse da dutse, farce ya ƙi shiga. Ya kwantar da kunci kusa da daɓen, ya rufe ido ɗaya, ya bi layin da kallo har kusurwa. Sannan ya ce, "Uwata, tambayar mini yaron nan, da me suka daidaita ƙasan?"

Jagoranmu, wani matashi da ya karanta tarihi a jami'a, ya ce kowane gefe mita 230 ne, kuma bambancin tudu da gangare a duk faɗin tushen bai wuce santimita 2 da 'yan kai ba. Kayan aikinsu kuwa igiya, da katako mai ƙafa biyu da aka rataya wa ɗan dutse a tsakiya, da kurfin jan ƙarfe, don a lokacin ba su kai ga aiki da baƙin ƙarfe ba. Na juya wa Baba. Ya daɗe bai tanka ba, can ya ce, "To ai ginin a nan ƙasa yake. Na sama ƙarfi ne da yawan hannu. Wannan kuwa sani ne."

Tambayarsa ta biyu ita ce ta bi mu har ƙarshen tafiyar: su wa suka yi aikin, kuma wa ya ciyar da su?

Da yawanmu mun tashi da jin cewa Bani Isra'ila ne suka gina dalolin nan a ƙarƙashin bulalar Fir'aunan Annabi Musa. Lissafin shekaru bai yarda da haka ba, domin dalolin Giza sun girmi zamanin da masana ke danganta wa Annabi Musa alaihis salam da fiye da shekara 1,000. Misirawa ne suka yi aikin, kuma an gano inda suka kwana. A 1990 wani doki ya yi tuntuɓe da ragowar katangar tubali kudu da dalolin, da aka tona sai ga maƙabartar ma'aikatan. Ƙasa da ita akwai garinsu, wanda Mark Lehner da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna tonawa: gidajen gasa burodi, rumbuna, dogayen ɗakunan kwana, da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awakin da aka yanka musu. Ƙasusuwan mutanen kansu sun nuna gadon bayan da ɗaukar kaya ya cinye, da karayar da aka ɗora ta warke. Ba aikin ganin dama ba ne. Sarki ke ɗebo mutane daga ƙauyuka bi da bi, kuma ba mai bakin cewa a'a. Amma an ciyar da su, an yi musu ɗori, an binne su kusa da aikinsu. A 2013 ma, a gaɓar Bahar Maliya, aka samu takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, inda yake rubuta kullum yadda shi da mutanensa kimanin 40 ke ɗauko farin dutse daga Tura a jirgin ruwa, su tsallako Nilu da shi zuwa Giza. Da na gaya wa Baba, sai ya yi ta nanata sunan don kada ya kuɓuce masa. Sunan Kufu kuwa har muka dawo gida bai riƙe ba.

A Sakkara na fara ganin ana karanta gini yadda ake karanta allo. Dalar sarki Zosar mai hawa 6 ta girmi ta Kufu da kusan shekara 100, ita ce babban ginin dutse na farko a Masar, kuma an san gwaninta: Imhotep, wanda aka samu sunansa a gindin mutum-mutumin sarkin. Muna shiga dogon zauren ƙofar Baba ya ɗaga sanda ya nuna rufi yana murmushi. "Azara ce," in ji shi. Dutse ne, amma an sassaƙa shi da siffar jerin itatuwa. Ginshiƙan an yi musu siffar damin kara, kuma babu wanda ke tsaye da kansa, kowanne an haɗa shi da 'yar katanga ta riƙe shi. Duwatsun ƙanana ne idan aka gwada da na Giza. Ya ce, "Mutumin nan maginin ƙasa ne aka ba shi dutse. Bai gama yarda da shi ba, shi ya sa yake yi masa abin da ya saba yi wa laka da itace." Jagora ya buɗe baki, ya ce abin da malamansa suka koya masa ke nan. Baba kuwa ko rana ɗaya bai zauna a ajin boko ba.

Dahshur ba ta da nisa daga nan. Dalar Sinefru, mahaifin Kufu, ta tashi a miƙe da kusurwar wajen digiri 54, da aka kai tsakiya sai aka kwantar da ita zuwa 43, ta fito a lanƙwashe. "Ta fara tsagewa ne, suka rage mata kaya," in ji Baba. Wanda ya burge shi shi ne mutumin da ya iya tsayawa gaban sarki ya ce, ranka ya daɗe, a canza. Ya ce ya san magina da yawa da suka gwammace soro ya faɗo da su faɗa wa mai gida wannan magana. Jar dalar da ke kusa, ta sarkin ce ita ma, da 43 aka fara ta tun daga tushe.

Gawarwakin wasu sarakunan Masar suna Fusɗaɗ yanzu, a cikin Alƙahira, a gidan tarihin da aka mayar da su cikin Afrilun 2021, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4. Ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto. Muka tsaya a kan Ramses na Biyu, wanda ya yi shekara 66 yana mulki, ya cika ƙasar da gumakan kansa. Ga shi nan, tsamurarren tsoho, hannuwa a ƙirji, da sauran gashi a ka. Masana sun saɓa kan ko shi ne Fir'aunan Annabi Musa, ko ɗansa Marnabta, ko wani dabam. Baba bai tsaya wannan muhawara ba. Ya ja istigfari, ya ce mu fita, wurin ba na daɗewa ba ne. Masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar, yana nan kusa, can muka yi la'asar.

Jirgin ƙasa na dare muka bi zuwa Luksor. Ɗan ɗaki ne mai gado biyu, sama da ƙasa. Babu zaure, babu tsakar gida, babu inda ɗayanmu zai kauce wa ɗaya. A nan, kan shayi da gurasa, bakin Baba ya buɗe. Ya ce yana ɗan shekara 9 aka fara ɗora masa kwandon ƙasa. Ya kwatanta mini yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa, a dawo a sake takawa. Yadda yaro ke cilla tubali sama, magini ya raba ƙafa a kan katanga yana cafewa yana jerawa ba tare da ya dubi ƙasa ba. Yadda ba a ɗora wa ginin jiya kaya sai ya sha rana. Ya kira sunayen waɗanda suka koya masa, da halin kowannensu, da wanda ke duka da wanda ke sa albarka. Ya ba ni labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da yadda maginan birni ke alfahari da jingina kansu gare shi. Ban katse shi ba ko sau ɗaya. Gari ya waye muna ratsa gonakin rake.

Mutane na zuwa Karnak ne don zauren nan mai ginshiƙai 134, wanda 12 na tsakiyarsa suka kai mita 21. Baba ya shiga, ya yi tasbihi, ya fito. Abin da ya tsayar da shi yana bayan babbar ƙofar farko: tulin tubalin laka manne da bangon dutse, ragowar tudun da magina suka yi don jan duwatsu sama. Ba a gama aikin ba balle a kwashe shi. Kusa da wurin akwai ginshiƙan da ba a goge ba, duwatsunsu da kaushinsu yadda aka ɗora su. Daga waɗannan biyu ya haɗa lissafin: a jera dutse, a tara ƙasa a hau, a ƙara jerawa, sai an kai ƙarshe sannan a riƙa kwashe ƙasar ana sassaƙa ana saukowa. "Ashe ƙasa ce ta ɗaga dutsen," in ji shi, kuma na ga wannan ya yi masa daɗi har cikin rai.

Yammacin kogin ya fi riƙe mu. A bayan haikalin Ramses na Biyu, inda katafaren gunkinsa ke kwance a farfashe, akwai rumbunan tubali masu rufin baka, sun haura shekara 3,200 kuma wasunsu na tsaye. Bakan gizon Hausa azara ce ƙashinsa, ana ɗaure ta hawa-hawa a lulluɓe da ƙasa. Wannan kuwa babu ko silin itace a cikinsa. Baba ya zagaya, ya dawo, ya sake zagayawa, har ya gano dabarar. Layukan tubalin ba a tsaye suke ba, an kishingiɗar da su suna jingine da bangon ƙarshe, kowane layi na kwance a jikin na bayansa, don haka ba ya bukatar tokara kafin ya bushe. Tubalan sirara ne, kuma an ja musu layi da yatsu tun suna ɗanye don laka ta kama. Ya sa yatsunsa a cikin sawun, suka zauna daidai.

A gefe wasu ma'aikata na gyaran wata katanga, da shugabansu, dattijo mai jallabiya da rawani. Baba ya yi musu sallama, ya tsuguna gaban kwaɓinsu, ya ɗebo, ya murza, ya sansana, ya dunƙula, ya sake ta ta faɗi ya ga yadda za ta fashe. Dattijon ya yi dariya, ya miƙo masa akwatin katakon da suke buga tubali da shi. Baba ya ajiye shi gefe, ya naɗe hannun riga, ya mulmula tubali irin namu, mai faɗin gindi da tsinin kai, ya dire a gabansu. Suka kewaye shi. Larabcin Baba na allo ne, nasu na kasuwa, ba sa haɗuwa sai a "ma sha Allah" da "ya Hajji", amma sun daɗe suna nuna wa juna da hannu, wannan ya gyara wa wancan. Ni da jagora muka koma inuwa, ba wanda ya nemi tafinta. Irin waɗannan shugabannin aiki da yawansu 'yan garin Kift ne, suna gadon sana'ar tono uba da ɗa tun shekarun 1890. Duniya ta san Howard Carter, wanda ya gano kabarin Tutankamun a 1922. Kaɗan ne suka san Ahmad Garigar, shugaban ma'aikatansa.

Sai Dair al-Madina, wurin da motocin masu yawon buɗe ido da yawa ke wucewa ba su tsaya ba. Ƙauye ne a cikin wani kwari, gidaje kusan 70 a cikin ganuwa, da lungu ɗaya ya ratsa tsakiya. Nan masassaƙa da masu zanen da suka haƙa kaburburan Kwarin Sarakuna suka zauna da iyalansu fiye da shekara 400. Katangun sun kai ƙugu, ana ganin ɗakin shiga, da na zama, da madafa, da matakalar hawa soro. Da yawansu sun iya rubutu, kuma sun bar dubban rubuce-rubuce a kan ɓallin dutse da tsingaro. An san sunayensu da na matansu, an san wanda ya ci bashin wani da wanda ya ari jakin wani ya ƙi mayarwa. Ƙungiya biyu aka raba su, ta dama da ta hagu. Kwana 8 aiki, 2 hutu. Albashinsu alkama da sha'ir ne duk wata. Akwai wani ɓallin dutse a Landan, rajistar waɗanda ba su zo aiki ba a shekara ta 40 ta mulkin Ramses na Biyu, da uzurin kowa: wannan kunama ta harbe shi, wannan ciwon ido, wannan yana shirya gawar mahaifiyarsa. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce duk ya san yaran nan, ya yi aiki da su.

A bakin ƙauyen akwai kabarin Senejem, ɗaya daga cikin ma'aikatan, wanda aka gano a 1886 ba a taɓa shi ba, har da kayan aikinsa a ciki: ma'aunin kamu, da kusurwa, da katakon nan mai ɗan dutse a rataye. Matakalar tana da tsayi ga ƙunci. Na ce, "Baba, ko za ku jira ni a nan?" Ya cire hula ya miƙo mini, ya juya baya, ya fara sauka, hannunsa ɗaya a kafaɗata. Tun da aka haife ni ban taɓa jin nauyinsa a jikina ba sai ranar. Ɗakin ƙarami ne mai rufin baka, fentinsa kamar ba a daɗe da shafawa ba. Ga Senejem da matarsa cikin fararen kaya suna huɗa, suna girbi, ga itatuwa sun yi 'ya'ya jingim.

"Wannan dabino ne. Wannan kuwa goruba ce, Uwata." Ya juyo. "Ba sarki ba ne mai wurin nan?"

"Ma'aikaci ne, Baba. Irinku ne."

Ya daɗe yana duban rufin. "Ya yi wa sarki, ya dawo ranar hutunsa ya yi wa kansa. Kuma bai rage hannu ba."

Da muka fito jagora ya ba mu labarin da ƙauyen ya fi shahara da shi. A shekara ta 29 ta mulkin Ramses na Uku, kimanin shekara 1,150 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, hatsin albashi ya ƙi zuwa. Mutanen suka ajiye kayan aiki, suka ƙetare shingayen tsaro, suka je suka zauna a jikin haikalin sarakuna, suka ce yunwa ta kawo su kuma ba inda za su sai an biya su. Magatakarda Amannakt ya rubuta abin da ya faru, takardar tana Turin a Italiya, kuma shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce. Aka ba su wani abu suka koma, aka sake jinkiri, suka sake fita.

Baba ya samu wata guntuwar katanga ya zauna. Ya ce, "Uwata, kin tuna shekarar da kika shiga sakandare?" Na ce na tuna. Ya ce a ranin da ya gabace ta ya gina wa wani attajiri gida mai benen ƙasa, da soraye uku. Da aka gama mutumin ya riƙe rabin kuɗin. Baba ya yi ta sintiri a zaurensa, yau a ce yana barci, gobe a ce ya yi tafiya, har ya gane ba za a bayar ba. Ga yara 12 na jiran haƙƙinsu, ga makaranta ta aiko da takarda. Ya sayar da kekensa da ragon da ya turke don layya, ya sallami yaran, ya biya mini. "Ku an gaya muku sace keken aka yi." Ya ce gidan yana nan har yanzu, da sunan attajirin ake kiransa. Babu ɗaci a muryarsa, ya ce ya daɗe da yafewa. Ya nuna ƙauyen da haɓa. "Su dai waɗannan an rubuta nasu."

Ba na jin zai taɓa faɗa mini wannan magana a Zariya. Gida yana da tsarinsa, kowa da mazauninsa, kuma kunya ce ke tsaron ƙofa. Ina girmama wannan tsari, a cikinsa na tashi, amma yana binne abubuwa da yawa tare da masu su. Tafiyar asibiti ba ta buɗe su, domin a can uba na kwance ne, ɗa da likita na magana a kansa. Tafiyar Makka kuwa zuciya na wurin ibada, kuma haka ya kamata. Akwai tafiya ta uku da muka raina, wadda ake kai tsoho da lafiyarsa gaban abin da ya shafi saninsa, a ja baya a saurare shi. Na san halin da aljihu ke ciki, ni ma adashin shekaru na tara. Amma ba sai Masar ba. Wanda ubansa magini ne ya kai shi hasumiyar Gobarau a Katsina, ko masallacin Agadas, ko fadar Damagaram. Wadda uwarta ta san zare da baba ta kai ta marinar Ƙofar Mata. Sau nawa muke jira sai ciwo ya kayar da su, sannan kuɗin da muka ce babu su fito cikin mako guda?

Sai dai tafiya da tsoho tafiyarsa ce, ba taka ba. Da hantsi ake fita, da azahar a dawo, abin da aka gani an gani. A Aswan mun je mahaƙar dutsen da aka riƙa sassaƙo dogayen ginshiƙai masu tsini, inda wani ke kwance tun zamanin Fir'aunoni, tsawonsa wajen mita 42, nauyinsa fiye da tan 1,000, an gama gefe uku sai ya tsage aka bar shi. Da ƙwallayen wani baƙin dutse mai tauri suke dukan dutsen har ya zama gari. Baba ya ɗauki ɗaya da hannu biyu ya buga, ya duba, ko alama babu. Ya bi tsagar da kallo, ya ce Allah kaɗai ya san abin da shugaban aikin nan ya ji a safiyar da ya gan ta. Abu Simbal kuwa, mai nisan kilomita 280 daga nan, ba mu je ba, guiwa ta ce ta gaji. Jagora ya ba shi labarin yadda tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka haikalin da ke can aka hau da shi mita 65 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi, ya ce da ya so ya ga inda aka haɗa. A maimakon haka ya wuni a wani ƙauyen Nubawa, inda ya tarar har gobe ana rufa ɗaki da irin bakan nan mai kishingiɗa.

Bayan mun dawo ya aiko jikansa ya kira ni, abin da bai saba ba. Ya ce in sayo littafi mai kauri. Yanzu duk Asabar ɗin da jikinsa ya yarda mukan tari a-daidaita-sahu mu shiga birni. Ya nuna gida, ya faɗi wanda ya gina shi, da wanda ya koya wa wannan, da zamanin wane sarki, da kududdufin da aka haƙo ƙasar, da dajin da aka saro giginyar. Da yawa an rushe an jera shagunan bulo, nan ma sai ya sa in rubuta abin da ke wurin da. Wasu tsofaffin magina biyu sun ji labari sun fara biyo mu, suna gardama da shi kan wa ya ɗaura wane soro, ni kuwa ina rubuta ruwayar kowa. Gidan attajirin nan ma mun je. Baba ya tsaya daga tsallaken titi ya lissafo yaran nan 12 ɗaya bayan ɗaya, da mai kwaɓi, da mai cilla tubali, da mai yaɓe, sannan ya ce in sa nasa sunan tare da na babansa, domin tsohon ne ya zo ya auna masa tushen.